Mai koyar da tarihin fasaha: guminsa yake ci?

 

Yau mun zo muku da wata tambaya. Wani dattijo ne ya kawo ta ran nan da dare, bayan an tashi daga karatun manya. Kowa ya ɗauki kayensa ya tafi gida, shi kuwa ya tsaya. Ya ce: "Malam, ina da magana." Na ce: "Bismilla, Baba."

Ya ce ɗansa ya gama lise, ya ci jarrabawa. Shekara 13 ke nan yaron yana lakkwal. An sayar da tumaki saboda karatunsa, an sayar da wake. Uban yana so ya zama likita ko malamin gona. Amma da aka tambayi yaron, sai ya ce: "Baba, ni so nake in karanta tarihin fasaha, in koyar da shi a jami'a." Uban ya ce mene ne wannan kuma? Yaron ya ce tarihin gine-gine ne, da zane-zane, da tukwane, da riguna, da sassaƙa.

Dattijon ya dube ni ya ce: "Wato ba zai gina ba. Ba zai ɗinka ba. Ba zai ƙera ba. Magana kawai zai yi bisa aikin da waɗansu suka yi, a biya shi da kuɗin lanhonmu. Malam, tsakaninka da Allah, wannan albashi guminsa ne?"

Ban ba shi amsa a daren ba, domin tambayar tana da nauyi. Na kwana da ita, na tashi da ita. Ga abin da tunani ya ba ni. Ku karanta, ku auna da kanku.

Wane irin aiki ne?

Fasaha ita ce aikin hannu wanda aka yi da gwaninta har ya ba ido sha'awa. Ƙwaryar da aka zana fasaha ce. Rigar da aka yi wa aska takwas fasaha ce. Haka zanen da magini ke yi a goshin zaure, da jakar baduku, da faifan da mata ke saƙawa, da azurfar maƙeran Agadas.

Mai tarihin fasaha yakan ɗauki abu ɗaya ya yi masa tambayoyi. Wa ya yi shi? Yaushe? Da me aka yi shi? Don wa aka yi shi? Wurin wa mai shi ya koya? Me ya sa zanen wannan gari ya bambanta da na wancan? In ya samu amsa sai ya rubuta, ya koya wa ɗalibai, su ma su iya duba abu su karanta shi kamar yadda kuke karanta wannan takarda.

Wannan ilimi ya daɗe. A shekarar 1550 wani mutumin Italiya mai suna Vasari ya rubuta littafi a kan rayuwar masu zane da masu sassaƙa da magina na ƙasarsu. Daga baya jami'o'in Turai suka mai da abin darasi, suka ɗauki malamai suna biyansu.

Hanyar zama irin wannan malami doguwa ce. A nan Nijar yaro yakan yi shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise. In ya shiga jami'a sai ya yi 3 ya sami dipilom na fari, ya ƙara 2, sannan ya ƙara 3 ko fiye kafin a kira shi dakta. Ku haɗa lissafi: shekara 21 ke nan, in bai faɗi ko sau ɗaya ba. Bayan haka ma gurbin aikin kaɗan ne, har a ƙasashen Turai da Amurka. Da yawa sukan gama karatun su rasa kujera. Ya kamata uba ya san wannan, yaro ma ya sani.

Dattijo yana da gaskiyarsa

Kada mu yi saurin cewa dattijon nan jahilci ne ke damunsa. Mutumin da ya ga yunwar 1973 da 1974, ya ga ta 1984, ya ga ta 2005, ya san abin da ake nufi da rumbu wayam. Ya san garin da mata ke tafiya mai nisa kafin su sami ruwa. Ya san mai naƙuda da aka ɗauka a amalanke ana neman likita. In ya ce a fara da ciki kafin ido, maganarsa tana kan hanya. Mai jin yunwa ba ya kallon zanen ƙwarya, abin da ke cikinta yake dubawa.

Kuma kuɗin gwamnati ba su da yawa. Abin da aka ba wannan, an hana wancan. Albashin malami ɗaya na shekara zai iya gyara rijiya. Saboda haka duk wanda ke cin kuɗin jama'a, tilas ya iya faɗin abin da jama'a ke samu daga gare shi. Likita yana da amsarsa. Malamin gona yana da tasa. To, mai tarihin fasaha fa, mece ce tasa? Bari mu duba abubuwan da suka faru a ƙasarmu.

Tukwanen Bura

A yammacin Nijar, wajen Tera, akwai wani wuri da ake kira Bura. A 1975 aka gano waɗansu tukwane da kawunan mutane na yumɓu a cikin ƙasa. A 1983 wani masani ɗan ƙasa, Bube Gado, na jami'ar Yamai, ya jagoranci tono wurin bisa ƙa'ida. Suka auna, suka rubuta, suka ɗauki hoton kowane abu a inda yake kwance. Suka sami tukwane fiye da 600, an kifa su bisa kaburbura. Suka sami siffar wani mahayi bisa dokinsa. Kayan nan sun haura shekara 1000 a ƙasa. Da wannan aiki aka san cewa an yi wata al'umma a wurin, masu dawaki, masu ƙira, masu girmama matattunsu.

A 1993 aka nuna waɗansu daga cikin kayan a Paris, babban birnin Faransa. Masu kuɗi na ƙasashen waje suka gani, suka yi sha'awa. Dillalai suka bazu cikin ƙauyuka suna saye. Mutane suka ɗauki diga da shebur suka shiga tonon tsofaffin kaburbura. Aka fasa da yawa, aka fitar da masu kyau waje. Ɓarnar ta yi yawa har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya.

Ba ma zagin waɗanda suka yi tonon. Talakawa ne, fari ya matsa musu. Amma ku duba yadda cinikin ya kasance. Mai saye ya san abin da yake saye, domin a ƙasarsu akwai malamai da littattafai da suka gaya masa darajarsa. Mai sayarwa bai san abin da yake sayarwa ba. Ya karɓi ƴan jikkuna, ya ci su cikin mako guda, abin kuwa ya tafi ke nan. Hausawa sun ce rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Akwai hasara ta biyu wadda ta fi ta kuɗi. Tukunyar da aka fizge daga ƙasa ba a rubuta inda take ba, ba a san abin da ke kusa da ita ba, ta zama kamar warƙa ɗaya da aka yage daga littafi. Ko an dawo da ita, labarinta ya ɓace. Wannan hasara ba ta da magani.

Ga amsa ta fari ke nan: ƙasar da ba ta da masanin kayanta, a kasuwa za a cuce ta. Har neman a dawo da abin da aka kwashe yana buƙatar masani. A 2021 Faransa ta mayar wa ƙasar Benin, maƙwabciyarmu, kayan fadar Abome guda 26 waɗanda sojojinta suka kwashe a 1892. Kafin a ce "wannan namu ne", sai an sami wanda ya san abin, ya san ranar da ya fita da hanyar da ya bi.

Raƙuman dawa a cikin hamada

Tsakanin Agadas da Arlit akwai wani dutse a wurin da ake kira Dabus. A jikinsa an sassaƙa raƙuman dawa guda biyu. Babban ya fi mita 5 tsawo. An fitar da kowane ɗigo na jikinsa. Masana sun ƙiyasta aikin ya kai shekara 6000 ko fiye.

Yau wurin hamada ne. Raƙumin dawa ba zai rayu can ba. Galibin waɗanda suka rage mana suna kudu, wajen Kure, kusa da Yamai. To, wanda ya sassaƙa su a ina ya gan su? A nan inda yake ya gan su. Wato a zamaninsa akwai itatuwa a wurin, akwai ciyawa, akwai ruwa. A duwatsun Ayar akwai zanen shanu ma da makiyayansu.

Mutumin nan bai iya rubutu ba, amma ya bar mana wasiƙa. Wasiƙar tana cewa ƙasa takan canja, inda ake kiwo yau yana iya zama rairayi. Wannan magana ta shafi manomi da makiyayi fiye da kowa. Sai dai wasiƙa tana son mai karantawa. Mai tarihin fasaha yana cikin masu karanta irinta.

Sunan mai aiki

Amsa ta uku ta shafi adalci. Mun san sunayen sarakuna, domin maroƙa sun riƙe su. Amma wa ya gina zauren sarkin? Wa ya ɗinka rigar da ya sa? Sau da yawa ba wanda ya sani. Aikin ya tsaya, mai aikin ya ɓace.

Kaɗan ne sunansu ya tsira. A Zariya ana tuna Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a da bakan gizo na ƙasa tun wajen 1830 zuwa 1840. A ƙasar Tawa, a garin Yama, akwai Alhaji Falke Barmu. A 1962 mutanen garin suka ba shi aikin gina masallacin Juma'a. Kowa ya kawo abin da yake iyawa: wannan tubali, wannan ruwa, wannan itace. Daga baya ya gyara rufin, ya ƙara hasumiya huɗu, kowace da kamanninta. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan gini na duniya. Mutumin karkara ne kamarmu, da laka ya yi aikinsa. Yau ana karanta sunansa a makarantun gini na ƙasashe masu nisa, saboda an sami waɗanda suka je, suka auna, suka tambaya, suka rubuta.

Me wannan ke ƙara wa talaka? Yana ƙara masa daraja a idon kansa. Mun daɗe muna jin kunyar ginin ƙasa. Da mutum ya sami kuɗi sai ya rushe soron ubansa ya yi na siminti da kwano, sannan da bazara ya kasa kwana a ciki don zafi. Alhali hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka yi ta. An fara gina ta wajen 1515, aka sāke gina ta a 1844, tana nan tsaye. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan gadon duniya. Ku je unguwar Birni a Damagaram ku ga zanen da magina suka yi a bangon gidaje.

Ku duba kuma abin da aka yi a Dandaji, a ƙasar Tawa. Tsohon masallacin garin, wanda shi ma aikin Falke Barmu ne, ya tsufa, ya yi wa jama'a kaɗan. Wata mai tsara gine-gine ƴar Nijar, Mariyama Isufu Kamara, da abokiyar aikinta ƴar ƙasar Iran, suka gyara shi tare da maginan wurin, aka mai da shi ɗakin karatu. Aka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa. An gama a 2018. Da ba a san darajar tsohon ginin ba, da yanzu babu shi. Sanin tarihi ne ya tsirar da shi, yara da manya suka sami wurin karatu, magina suka sami aiki.

Maganar addini

Dattijon ya yi mini wata tambaya kafin mu rabu. Ya ce: "Malam, kawunan yumɓun nan ba gumaka ba ne? Ɗana zai zauna yana yabon gumaka?"

Tambaya ce ta mai tsoron Allah, dole a girmama ta. Hukuncin yin siffa na malaman addini ne, su za a tambaya. Abin da zan ce shi ne, sanin abu daban, bauta masa daban. Likita yana nazarin cuta, ba ya ƙaunarta. Mai tarihi yakan ba da labarin mutanen da suka gabata domin na baya su san daga inda aka fito, su yi tunani. Kuma babban rabo na fasahar ƙasarmu daga Musulunci ya fito: ginin masallatai, rubutun allo da zayyanarsa ranar saukar karatu, gafakar da baduku ke ɗinka wa littafi, rigunan malamai. Wanda ya koyar da tarihin waɗannan, tarihin Musulmin ƙasar nan yake koyarwa.

Inda aikin ke iya zama cuta

Kada ku ɗauka na wanke kowane malami. Aikin yana da ramuka.

A jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an yi wani Bature ɗan Ingila, David Heathcote, wanda ya koyar da tarihin fasaha daga 1967 zuwa 1979. Ya bi maɗinka riguna da huluna, ya tambaye su sunan kowane zane, ya ɗauki hotuna. A 1976 ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan. A kan ɗinkin rigunan Hausa ya sami digirinsa na dakta. Ya yi aiki mai amfani, ya adana abubuwa da yawa. Amma da Turanci ya rubuta, kamar yadda namu masanan ke rubutawa da Faransanci. Maɗinkin da ya ba da ilimin ba zai iya karanta littafin ba. Jikansa ma sai in ya yi lakkwal mai zurfi.

Nan ne nauyin yake. Malamin jami'a yakan zo ƙauye da mota. Ya zauna gaban tsohuwa mai ginin tukwane a Mirya. Ta ba shi abin da ta koya wurin uwarta, kyauta. Ya koma birni ya rubuta, a ba shi dipilom, a ƙara masa albashi. Ita kuwa tana nan inda ya bar ta. In abin ya tsaya haka, ya ci gumin wata.

Rami na biyu: malamin da ya san tsohon kaya yana iya haɗa baki da dillalai. Shi zai nuna musu inda abu mai tsada yake. Wannan ya fi jahili ɓarna, domin da saninsa yake yi.

Rami na uku: malamin da zai shekara yana koya wa ɗiyanmu gine-ginen Faransa da zanen Italiya kaɗai, har su fito suna ƙyamar gidan ubansu. Sanin na waje yana da kyau, ilimi ba shi da iyaka. Amma a haɗa da na gida. Akwai kuma mai kishiyar wannan hali, wanda zai ce duk abin da kakanninmu suka yi ya fi na kowa, ya ƙara gishiri, ya ɓoye abin da bai yi masa daɗi ba. Shi ma ya bar gaskiya. Malami ba maroƙi ba ne.

To, guminsa ne?

Ga inda na tsaya. Albashin mai koyar da tarihin fasaha guminsa ne, in ya cika sharuɗɗa huɗu.

Na ɗaya, ya faɗi sunan mai aiki. In ya rubuta labarin gini, ya sa sunan magini da na wanda ya koya masa. In mace ce ta saƙa, ya sa sunanta, da yardarta.

Na biyu, ya mai da ilimin inda ya ɗauko shi. Ya rubuta da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamashek, da Barbarci. Ya yi magana a rediyo. Ya koma ƙauyen ya nuna wa mutane abin da ya rubuta a kansu.

Na uku, kada hannunsa ya taɓa cinikin kayan tarihi.

Na huɗu, ya gaya wa ɗalibansa gaskiya, har gaskiyar cewa gurbin aikin kaɗan ne, domin kada ya tara yara ya kai su inda babu abinci.

Maganar ciki da ido kuwa, ku tuna yadda garuruwanmu suke tun dā. Kowa yana noma, amma gari yakan ciyar da limami, da malamin allo, da makaɗi, da tsohon da ya riƙe sunayen kakanni. Ba wanda ya ce su ɓarayi ne. An san gari ba ya zama gari da hatsi kaɗai. Ko a shekarar fari, uwa takan zana ƙwaryar ɗiyarta in za ta gidan miji. Ba wanda ya tilasta mata. Haka Allah ya yi ɗan Adam, yana son abinci, yana son kyau. Shugabanninmu na farko ma sun san haka: a 1959, tun kafin samun mulkin kai, aka buɗe gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Bubu Hama, a lokacin da ƙasar ba ta da jami'a ko ɗaya.

Gaskiya ne ƙasa tana buƙatar likitoci da malaman gona da yawa, masu tarihin fasaha kuwa kaɗan sun isa. Gishiri kaɗan ake sa wa miya. Amma ku ɗanɗana miyar da babu shi ko kaɗan.

Abin da na gaya wa dattijo

Da muka sāke haɗuwa na ce masa: "Baba, kada ka hana shi da faɗa, kada kuma ka sake shi haka nan. Ka gwada shi. In ya zo hutu, ka ba shi kaye da alƙalami. Ka aike shi wurin tsohon maginin garinku, da mai zanen ƙorai, da baduku. Ya zauna ƙasa gabansu kwana 30, ya rubuta abin da suka sani, da Hausa, ya zo ya karanta maka. In ya yi haka da murna, har tsofaffin suka yaba hankalinsa, to aikin yana jininsa, ka sa masa albarka. In kuwa ya ce shi ya fi ƙarfin zama gaban mai laka a hannu, to kujera yake so da sanyin ofis. Ka ce ya nemi wani karatu." Na ƙara da cewa ya shawarce shi ya haɗa da wata sana'a, kamar koyarwa a kwaleji ko aikin gidan tarihi, domin ko kujerar jami'a ba ta samu ba, ya iya riƙe kansa da iyayensa.

Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce: "Ubana ne ya gina zauren mai gari. Ban taɓa gaya wa yaron ba." Na ce: "To, Baba, daga nan zai fara."

Aikinmu mu masu karatu

Ƴan uwa, ku da kuka koyi rubutu, wannan aiki bai fi ƙarfinku ba. Ba sai an jira ɗan jami'a ba. Kowa ya ɗauki kayensa ya rubuta: wa ya gina masallacin garinmu, a zamanin wane mai gari? Wa ya fi kowa iya zanen ƙwarya, wurin wa ta koya? Mene ne sunan kowane zane na tabarma da faifai? Ku tambayi tsofaffi tun suna da rai.

In kuna noma ko haƙar rijiya kuka tarar da tsohuwar tukunya ko siffa a ƙasa, kada ku tone, kada ku fasa, kada ku sayar wa baƙo. Ku rufe wurin, ku gaya wa mai gari, shi ya sanar da hukuma.

Ku tattauna wannan tambaya a wurin karatu: da ɗanka ne ko ɗiyarka, za ka yarda? Ku rubuto mana ra'ayinku, da masu goyon bayan dattijo da masu goyon bayan yaro, mu buga kowa ya karanta.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya ba mu damana mai albarka. Amin.